Malamin Cikin Na'ura: Manhajojin da ke Koyar da Rubuta Shirin Kwamfuta

Rubuta shirin kwamfuta, wato tsara jerin umarnin da na'ura za ta bi daki-daki har ta kammala aikin da aka ɗora mata, yana cikin fannonin da suka fi gigita mai fara koyo, kuma an daɗe da auna girman wannan wahala da alƙaluma. A shekarar 2007 wasu malamai biyu na ƙasar Denmark, Jens Bennedsen da Michael Caspersen, suka tattaro sakamakon darasin farko na wannan fanni daga manyan makarantu na ƙasashe da dama, suka tarar cewa kimanin kashi 67 cikin ɗari na ɗalibai ne ke haye shi. Bayan shekara bakwai Christopher Watson da Frederick Li na Jami'ar Durham da ke Ingila suka sake bin diddigin batun ta hanyar tara rahotannin da aka riga aka wallafa, sai lissafinsu ya tsaya kusan a wuri guda. Ma'ana, a cikin kowane ɗalibai uku da suka shiga ajin farko, ɗaya yakan faɗi ko ya janye tun bai kai ga ɗanɗana daɗin sana'ar ba.

Tushen wahalar yana cikin halin na'urar kanta, domin kwamfuta ba ta yi wa mai ba ta umarni uzuri, ba ta kuma cike masa giɓin abin da ya nufa bai rubuta ba. Kuskuren mai koyo iri biyu ne. Akwai na ƙa'idar rubutu, kamar mantawa da rufe baka ko sa waƙafi inda bai dace ba, wanda manhajar da ke fassara shirin zuwa harshen na'ura take kamawa nan take, sai dai saƙon da take fitarwa an tsara shi ne domin ƙwararru, kuma sau da yawa yakan nuna layin da ta cije ne maimakon layin da ɓarnar ta faro. Akwai kuma kuskuren tunani, wanda ya fi wuyar sha'ani, inda shirin zai gudana lami lafiya amma ya ba da amsar da ba daidai ba, babu saƙo balle gargaɗi. A irin wannan hali ɗalibi yana bukatar wanda zai duba abin da ya rubuta, ya gane inda ya dosa, ya nuna masa mararrabar da ya saki hanya, abin da malami guda mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai iya yi wa kowa ba komai himmarsa.

Amfanin irin wannan kulawa ya samu shahararriyar hujja a 1984, lokacin da Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya wallafa wata maƙala bisa binciken ɗalibansa biyu masu neman digirin digirgir, inda ya bayyana cewa matsakaicin yaron da aka ba shi malami na kansa, aka kuma hana shi wuce darasi sai ya ƙware a kai, yakan zarce kashi 98 cikin ɗari na yaran da suka yi karatu a aji na yau da kullum. Bloom ya auna wannan tazara da sigma biyu, sigma kuwa ma'auni ne da masana ƙididdiga ke bayyana yadda maki ya warwatsu a kewayen matsakaicinsa da shi. Tun da babu ƙasar da za ta iya ɗaukar wa kowane yaro malami, tambayar da ta taso ita ce ko na'ura za ta iya ɗauke wani ɓangare na wannan nauyi. Injinan koyarwa ba baƙi ba ne a lokacin, domin Sidney Pressey ya ƙera nasa tun a shekarun 1920, B. F. Skinner ya biyo baya a shekarun 1950, sannan tsarin PLATO ya fara aiki a Jami'ar Illinois a 1960, amma galibin waɗannan suna gabatar da tambayoyin da aka shirya tun farko ne, su duba amsar ƙarshe, su ce daidai ko kuskure. Abin da ake kira manhajar koyarwa mai basira, sunan da ya kafu bayan littafin da Derek Sleeman da John Seely Brown suka shirya a 1982, ya bambanta da su ta fuskar cewa manhajar tana ɗauke da ilimin fannin ta yadda ita ma za ta iya warware matsalar, tana riƙe da wani ƙiyasi na abin da ɗalibin ya sani da wanda bai sani ba, tana kuma da dabarar zaɓen lokacin da za ta yi magana da abin da za ta faɗa.

Ba abin mamaki ba ne da koyar da rubuta shiri ya kasance cikin fagagen gwaji na farko, ganin cewa masu binciken kansu gwanayen fannin ne, aikin ɗalibin kuma a cikin na'urar ake yin sa tun asali, harshen da ake rubuta shi da shi kuwa ƙa'idojinsa a ƙayyade suke. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Stanford ta samar da BIP domin koyar da harshen BASIC, wadda ke zaɓar wa ɗalibi aikin da zai yi gaba bisa dabarun da ya nuna ya iya. Amma manhajar da ta fi barin tasiri ita ce wadda John Anderson da Brian Reiser da abokan aikinsu suka gina a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh domin koyar da LISP, harshen da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, aka kuma fara koyar da ɗaliban jami'ar da ita a 1984.

Anderson masanin halayyar tunanin ɗan Adam ne, kuma ya gina manhajar ne domin ya jarraba ra'ayinsa cewa kowace ƙwarewa tarin ƙananan ƙa'idoji ce masu siffar sharaɗi da jawabinsa, wato idan burin mutum kaza ne kuma halin da ake ciki kaza ne, to matakin da zai ɗauka kaza ne. Sai masu binciken suka zauna suka rubuta ɗaruruwan irin waɗannan ƙa'idoji da gwanin LISP ke bi, suka kuma rubuta wasu ɗaruruwan na gurguwar fahimta, waɗanda suka tsinto daga lura da masu koyo na gaske, kamar rikita umarnin da ke ƙara abu guda a gaban jeri da wanda ke haɗe jeri biyu wuri ɗaya. Yayin da ɗalibi ke rubutu, manhajar tana bin sawunsa kalma bayan kalma, tana gwada kowane mataki da matakan da ƙa'idojinta za su iya haifarwa a daidai wannan gaɓa. Idan matakin ya dace da ƙa'ida ingantacciya sai ta yi shiru ta bar shi ya ci gaba. Idan ya dace da ɗaya daga cikin gurɓatattun, sai ta dakatar da shi ta yi masa bayanin da aka tanada domin wannan ruɗanin takamaimai. Idan kuma ya kasa fita bayan ƙoƙari, sai ta bayyana masa matakin ta sa shi a hanya. Wannan dabara ta bin sawun tunani ita ce zuciyar aikin, kuma darajarta ita ce gyaran yana zuwa ne a lokacin da tunanin da ya jawo kuskuren yake nan ɗanye a kan ɗalibin.

Sakamakon gwajin farko, wanda aka wallafa a mujallar Science a 1985, ya nuna cewa ɗaliban da malami ɗan Adam ya zauna da su sun kammala darussan cikin awa 11.4, waɗanda manhajar ta koyar sun ɗauki awa 15, waɗanda aka bari su yi da kansu kuwa sai da suka kwashe awa 26.5. Na'urar ba ta kamo malami ba, amma ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba a kan zaman kaɗaici.

Daga baya Albert Corbett da Anderson suka ƙara wani ginshiƙi, wanda suka bayyana a tsakiyar shekarun 1990, wato bin diddigin ilimin ɗalibi ta hanyar lissafin yiwuwa da ake dangantawa da Thomas Bayes, malamin coci ɗan Ingila na ƙarni na 18. Ga kowace ƙa'ida, manhajar tana riƙe da ƙiyasin yiwuwar cewa ɗalibin ya iya ta, tana sabunta ƙiyasin duk lokacin da ya samu damar amfani da ita, tare da la'akari da abubuwa huɗu: ko ya san ta tun kafin darasin, ko ya koye ta a wannan karon, ko ya dace ne da canke alhali bai sani ba, ko kuwa ya yi tuntuɓe ne alhali ya sani. Abubuwa biyu na ƙarshe su ne hikimar lissafin, domin suna hana manhajar ɗaukar amsa ɗaya daidai a matsayin ƙwarewa, suna kuma hana ta yanke wa ɗalibi hukuncin jahilci saboda zamewar hannu guda. Sai ƙiyasin ya kai kashi 95 cikin ɗari a kan dukkan ƙa'idojin wani babi sannan take barin ɗalibin ya wuce, kwatankwacin yadda malamin makarantar allo ba ya ba almajiri izinin wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya biya na jiya ya gamsar da shi, ko da kuwa sa'o'insa sun yi gaba.

An soki wannan tsari da cewa yana ɗaure ɗalibi a kan turbar da aka shata masa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Mai sana'ar rubuta shiri yakan ɓatar da babban kaso na lokacinsa wajen farautar kuskure a cikin abin da ya riga ya rubuta, wannan kuwa gwaninta ce mai zaman kanta, wadda ba za ta samu ga wanda ake tare shi tun kafin kuskurensa ya yi nisa ba. A Jami'ar Yale, W. Lewis Johnson da Elliot Soloway sun bi wata hanya dabam da manhajarsu PROUST, wadda ke jira ɗalibi ya gama rubuta shirinsa a harshen Pascal sannan ta bincika shi gaba ɗaya. Aikin da suka fi gwada ta da shi ya zama sananne a tarihin fannin da sunan matsalar ruwan sama: ana bukatar ɗalibi ya rubuta shirin da zai riƙa karɓar adadin ruwan da aka yi kowace rana har sai an shigar da lamba 99999, wadda ke nuna an gama, ya ƙi karɓar duk lambar da ke ƙasa da sifili, sannan ya fitar da matsakaicin ruwan. A ido aikin ƙarami ne, amma tarkunansa suna da yawa, domin wani zai haɗa 99999 ɗin cikin jimla, wani zai manta ya fara ƙirgen kwanaki daga sifili, wani kuma shirinsa zai yi yunƙurin raba jimla da sifili idan ba a shigar da ko rana guda ba. Abin da Soloway ya fahimta shi ne, ɗalibai da yawa sun san kowane guntu shi kaɗai, amma saƙa guntayen cikin juna ne ke kayar da su. Saboda haka PROUST takan fara da ƙoƙarin gano niyyar marubucin, wato wane buri yake son cimma da wannan sashe kuma wane sanannen tsari ya ɗauko domin cimma shi, kasancewar layi guda yana iya zama daidai a ƙarƙashin wata niyya ya zama ɓarna a ƙarƙashin wata. Wannan fahimta ta fi manhajar kanta tsawon rai, kuma har yau ana gwada ɗalibai da matsalar ruwan sama a ƙasashe da dama.

Shekarun 1990 sun kawo ƙarin hanyoyi. A Jami'ar Trier ta Jamus, Gerhard Weber da Peter Brusilovsky da Elmar Schwarz sun ɗora manhajarsu ELM-ART a intanet a 1996, tana yi wa shafukan darasi alama da launukan fitilar kan hanya domin ɗalibi ya san wanda ya isa shiga da wanda bai kai ba tukuna. A Jami'ar Canterbury ta New Zealand kuwa, Antonija Mitrovic ta gina SQL-Tutor domin koyar da harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, bisa ra'ayin Stellan Ohlsson cewa ba lallai ne a san duk hanyoyin ɓata ba, ya isa a rubuta sharuɗɗan da kowace amsa ingantacciya dole ta cika, duk wanda aka karya kuma shi ne darasin da ɗalibin ke bukata.

Da aka tara shekaru ana gwaji, hoton da ya fito ya fi na Bloom tawali'u, amma ya fi shi tabbas. A 2011 Kurt VanLehn na Jami'ar Jihar Arizona ya tace gwaje-gwaje masu yawa, ya samu cewa tasirin malami ɗan Adam kimanin sigma 0.79 ne, na manhajojin da ke bin ɗalibi mataki-mataki kuma 0.76, alhali waɗanda ke duba amsar ƙarshe kaɗai suna can ƙasa sosai. James Kulik da J. D. Fletcher sun duba gwaje-gwaje 50 a 2016, suka samu tsaka-tsakin tasiri na 0.66, tare da gargaɗin cewa ribar ta fi fitowa idan jarrabawar ta yi daidai da abin da manhajar ta koyar, tana kuma raguwa a jarrabawar gama-gari. Waɗannan alƙaluma sun haɗa fannoni da dama, har da lissafi da kimiyyar fiziks, don haka bai kamata a ɗora su kacokan a kan rubuta shiri ba. Duk da haka saƙonsu a fili yake, cewa amfanin yana tattare ne da kulawa da matakan tsakiya, inda tunanin ɗalibi yake bayyana.

Abin da ya hana waɗannan manhajoji bazuwa duk da nasararsu shi ne tsadar gina su, domin an saba ƙiyasta cewa kowace awa guda ta koyarwa tana cin awa 200 zuwa 300 na aikin ƙwararru. Akwai kuma matsalar da ta fito daga ɗaliban kansu, wadda Ryan Baker da abokan aikinsa suka yi nazari a kai a 2004, inda wasu ke danna maɓallin neman taimako a jere ba tare da karantawa ba har su isa ishara ta ƙarshe mai ɗauke da amsa, kuma binciken ya nuna masu wannan ɗabi'a suna ƙaruwa da ilimi kaɗan ne idan aka gwada su da sauran. Game da tsadar, mafita ta fara ɓullowa a 2008 lokacin da Tiffany Barnes da John Stamper suka nuna cewa ana iya ciro ishara daga ayyukan ɗaliban baya da aka adana, ta yadda idan sabon ɗalibi ya maƙale a wani wuri sai a duba hanyar da waɗanda suka taɓa maƙalewa a wurin suka bi suka fita. Kelly Rivers da Kenneth Koedinger sun faɗaɗa wannan zuwa harshen Python a Carnegie Mellon, inda manhajarsu ke fara daidaita shirye-shiryen ɗalibai zuwa siffa guda, ta kawar da bambancin sunaye da salon rubutu, domin a gane cewa amsoshi biyu masu kama daban a ido suna iya zama abu ɗaya a ma'ana.

Zuwan manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu sarrafa harshe, irin su GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen 2022, ya juya lamarin gaba ɗaya. Masu bincike a Jami'ar Auckland sun ba wata irin wannan manhaja mai suna Codex tambayoyin jarrabawar ajin farko a 2022, makin da ta samu kuwa ya sa ta cikin kashi ɗaya bisa huɗu na ɗaliban da suka fi ƙoƙari. Ke nan aikin gida da aka tsara domin ɗalibi ya sha wuya ya koya, yanzu ana iya samun amsarsa cikin daƙiƙa kaɗan. Haɗarin da ke cikin wannan ya fito sarari a wani gwaji da Hamsa Bastani ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta suka yi da ɗaliban sakandare kusan dubu a Turkiyya, a darasin lissafi: waɗanda aka ba su manhajar hira ba tare da wani takunkumi ba sun fi sauran maki da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisaye, amma da aka janye ta aka yi jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari, alhali rukunin da aka ba manhajar da aka umarta ta riƙa ba da ishara maimakon amsa bai gamu da wannan koma-baya ba. Gudun irin wannan haɗari ne ya sa darasin CS50 na Jami'ar Harvard, wanda David Malan ke jagoranta, ya samar da nasa mataimakin a 2023, aka tsara shi ya ja ɗalibi zuwa ga amsa ba tare da ya rubuta masa ita ba, aka kuma taƙaita yawan tambayoyin da mutum zai iya jero masa a ɗan lokaci.

Idan aka ajiye tsofaffin manhajojin da sababbin gefe da gefe, za a ga kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. Manhajar Anderson ba ta iya hira ba, ba ta kuma san komai a wajen darussan da aka gina ta a kansu ba, amma abin da take faɗa ƙwararru sun tantance shi, kuma tana riƙe da lissafin inda kowane ɗalibi ya tsaya. Sababbin suna fahimtar tambaya ko da an yi ta a karkace, suna bayani da lafazi mai daɗi, amma suna iya faɗin abin da ba daidai ba cikin cikakken yaƙini, kuma idan ba an haɗa su da wani tsari na musamman ba, ba su da ƙiyasin abin da ɗalibi ya ƙware a kai, ba su kuma da dalilin hana shi abin da ya roƙa. Iya magana kaɗai bai mai da manhaja malami ba, kuma kuskure ne babba makarantu su yi watsi da darussan shekara arba'in na bincike saboda sabon abin ya fi burgewa.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye, ganin cewa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, adadin da ya zarce abin da malaman da ake da su za su iya zama da shi ɗaya bayan ɗaya. Ga mai koyo da Hausa ce harshensa na farko akwai ƙarin nauyi, domin yana fama da sabon salon tunani da kuma Turancin da ake bayaninsa da shi a lokaci guda. Keɓaɓɓun kalmomin harshen Python 35 ne kacal, haddace su ba wani aiki ba ne. Abin da ke da nauyi shi ne bayanin dalilin da ya sa shiri ya ƙi aiki, wannan kuwa babu abin da ya hana a yi shi da Hausa, muddin malaman da suka san fannin da harshen sun duba ingancin abin da manhajar ke faɗa. Haka kuma hanyar ciro ishara daga ayyukan ɗaliban baya tana bukatar a adana waɗannan ayyuka tun farko, tare da kurakuran da ke cikinsu, bayan an cire sunaye an kuma nemi yardar masu su. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na arewacin Nijeriya da Nijar suna karɓar irin waɗannan rubuce-rubuce daga ɗalibansu a kowane zangon karatu, kuma daga cikinsu ne za a iya rarrabe ruɗanin da ya samo asali daga fannin kansa da wanda ya samo asali daga harshen koyarwa.